Littattafan Habila

Ranar Talata aka ɗauki gawar Habila zuwa gida. Ranar Alhamis mai gidan haya ya ce a kwashe kayansa, wani zai shigo. Aikin ya faɗa kan Ɗalhatu, domin shekara shida suka yi a ɗaki ɗaya a unguwar Al Khabaisi, can ƙasar Larabawa inda suka je neman kuɗi.

Habila mutumin Wusasa ne, Kirista, tsohon malamin Turanci da rayuwa ta mayar direban motar ɗaga kaya a Jebel Ali. A wurin aikin ya yanke jiki ya faɗi, likitoci suka ce zuciya ce. Shi kuwa Ɗalhatu Bakano ne, yana ɗaurin kaya a wani shagon kago, masu aika wa mutane kaya gida, a kasuwar Murshid Bazaar. Zamansu babu yawan magana. Idan Ɗalhatu ya shimfiɗa darduma, Habila ya kashe rediyo. Idan Lahadi ta yi, Ɗalhatu ya bar masa dutsen guga da wuri.

Tufafin ba su cika jaka ɗaya ba. Amma da Ɗalhatu ya leƙa ƙarƙashin gado, sai ya jawo kwali uku maƙil da littattafai. Wasu na addinin Kirista ne, wasu na waƙoƙin Turanci, wasu kuma tarihin marubutan Amurka, da hotunan tsofaffi masu gemu da mata masu baƙaƙen riguna a bangonsu. Ya daɗe a tsugune, bai san ta inda zai fara ba.

Ya kira matar marigayin a waya.

"Maman Rifkatu, ya ƙarin haƙuri? Ga littattafansa nan da yawa. In aiko duka?"

Ta ce, "Malam Ɗalhatu, ya sha faɗa mini, na addinin a bar wa cocinsu na can, akwai masu buƙata. Sauran kuwa, ka yi yadda ka ga ya dace. Ni ko kallonsu ba zan iya ba yanzu."

Wannan ta dame shi. Bai taɓa taka ƙofar coci ba, kuma bai san ko ya kamata ya ɗauki irin waɗannan littattafai ya kai da hannunsa ba. Washegari bayan sallar Juma'a ya faɗa wa Abdul-Rashid, wani dattijo ɗan Zongon Kumasi da suke aiki tare.

Abdul-Rashid ya dube shi ya ce, "Ƙanena, amana aka ba ka, ba wa'azi aka ce ka yi ba. Mutumin da kuka ci tuwo kwano ɗaya shekara shida? Kai masa kayansa inda ya ce, khalas."

Da yamma Ɗalhatu ya zauna yana rarraba littattafan. Wani ƙaramin littafin addu'o'i da bangonsa ya sha hannu ya buɗe da kansa, sai ga takarda a manne a ciki. Sunaye ne a jere, da rubutun Habila, a sama an rubuta: waɗanda zan riƙa yi wa addu'a. Akwai matarsa, akwai 'yarsa Rifkatu, akwai wasu da bai sani ba. Can ƙasa ya ga: Hajiya Zaituna, mahaifiyar Ɗalhatu, ciwon ƙafa. Kusa da sunan akwai kwanan watan da aka yi mata aiki shekara biyu da suka wuce, da kalma biyu: ta tashi.

Sau ɗaya tak Ɗalhatu ya taɓa ambata wa Habila ciwon nan, shi ma a tsaitsaye. Tun ranar rasuwar bai zubar da hawaye ba, yana ta zirga-zirgar takardun asibiti da na jirgi. Nan kuwa ya kifa kansa a kan kwalin ya yi kuka har ya gaji.

Ranar Lahadi ya nemi izini a shago, ya rungumi kwali ya shiga jirgin ƙasa zuwa Jebel Ali. A bakin harabar cocin ya tsaya cikin rana da hularsa, mutane suna wucewa ta gefensa, Indiyawa da 'yan Filifin da 'yan Afirka. Wata dattijuwa Ba'indiya ta matso ta tambaye shi wa yake nema. Da ya ambaci sunan Habila, sai ta dafe ƙirji. Ta ce shi ne yake koya wa sababbin ma'aikata karatun Turanci bayan an tashi daga ibada. Ta roƙe shi ya shigo ya sha ruwa. Ya gode, ya ce nan ma ya isa. Ba ta matsa ba, ta kawo masa ruwan har bakin ƙofa, ya sha a tsaye.

Sauran kwali biyun ya ɗaure su da kansa, ya naɗe da leda ninki uku saboda damina, ya rubuta sunan Rifkatu. Ya ga ita ta fi dacewa da su, tunda tana aji biyu a jami'a.

Bayan wata ɗaya da rabi ta kira shi.

"Baba Ɗalhatu, kayan sun iso. Ka san Babana yana fassara waƙoƙin nan zuwa Hausa? Da fensir, a gefen shafi. Sun fi talatin."

"Wallahi ban sani ba, 'yata. Nakan gan shi yana rubutu, ban taɓa tambaya ba."

"Akwai ɗaya da bai ƙarasa ba, ta wata Ba'amurkiya a kan mutuwar ɗan'uwanta. Ya bar gurbin kalma ɗaya, ya rubuta kewa da bege a sama, ya sa alamar tambaya. Wacce kake ganin zai zaɓa?"

Ɗalhatu ya ajiye igiyar da ke hannunsa, ya fita daga hayaniyar shagon zuwa wani lungu mai inuwa.

Ya ce, "Karanto mini baitin tun daga farko. A hankali."