Tafintan Mai Fara'a

Yayana tafinta ne, ni kuma mai lasifika. Shi ya gaji bakin Inna, ni na gaji hannun Baba. Baba, Allah ya ji ƙansa, mutumin tudu ne, Inna 'yar gangare, kuma ba titin jirgin ƙasa kaɗai ya raba tudu da gangare ba, har da harshe. A gidanmu da harshe biyu ake faɗa, da harshe biyu ake shiryawa. Ni na tsinci na Inna sama-sama, iya na neman abinci da na ba da haƙuri. Yaya kuwa ya haɗiye duka biyun, ba ka iya cewa ga wanda ya fi zama a bakinsa.

Ya daɗe yana tafinta a babban asibiti, tsakanin likitoci da marasa lafiyan gangare. Sai aka kawo wani ɗan akwati da bai kai sabulun wanki girma ba. Likita ya yi magana, akwati ya juya ta nan take, ba ya zuwa hutu, ba ya neman izinin zuwa gaisuwar mutuwa. Aka tara tafintoci aka yi musu godiya, aka nuna musu ƙofa. A shekarar ce kuma kamfanin takalma ya kawo injunan da ke yanka, su ɗinka, su zuba a kwali, ya sallami ma'aikata tudu da gangare ba bambanci.

Zaman gida ya kusa gama da Yaya. Kullum sai ya yi wanka, ya goge riga, ya sa takalmi, sannan ya zauna a baranda da rediyo. Matarsa ta ce har kaji yake fassara wa labarai. Mukan yi dariya a gabansa, amma wallahi in na juya baya zuciyata ƙuna take. Mutumin da asibiti guda ke kiran sunansa ya koma jiran 'yan makaranta su dawo ya samu abokin hira.

Ana haka aka buga gangar zaɓen fid da gwani na shugaban ƙasa, kuma jam'iyya ta ce duk mai kati zai jefa ƙuri'a. Na samu aikin jona lasifika a tawagar ɗan takarar da ake kira Mai Fara'a, mutumin tudu, wanda ko jaje ya je sai ka ga haƙoransa. Abokiyar karawarsa wata tsohuwar malamar jami'a ce. Ita kullum zancenta injuna da koya wa waɗanda aka sallama sabuwar sana'a. Gaskiya take faɗa, amma mutane hamma suke yi mata.

Da farko akwati ne ke yi wa Mai Fara'a tafinta in an je gangare. Ran nan wani dattijo ya ja tambaya da tsawo, Mai Fara'a ya sunkuya ya ce a hankali, mutanen nan ba sa gajiya da surutu. Akwati ya ɗauka ya watsa ta lasifikata tas, da muryarsa mai ladabi. Daraktan kamfe ya kusa haɗiye hularsa. Da na ji yana neman mutum, na ce ina da yaya.

Ku zo ku ga Yaya a kan dandamali! Mai Fara'a ya jefo gaisuwa a bushe, Yaya ya miƙa ta da irin girmamawar da tsofaffin gangare ke so, har su gyaɗa kai. Ya ƙara ƙiba, dariyarsa ta dawo. Darakta ya ce in an ci zaɓe, da shi za a shiga fadar shugaban ƙasa. Na taɓa tsokanarsa na ce, Yaya, kai ma ai gyara kake yi. Ya ce, ina wanke magana in goge ta, amma ba na musanya ta da wata.

Da zaɓe ya matso, ƙuri'un tudu suka fara zamewa. Waɗanda kamfanin takalma ya sallama suna cikin fushi, suna neman wanda za su ɗora wa laifi, kuma inji ba shi da fuskar da za a nuna da yatsa. Sai aka shirya taro a zauren ƙungiyar ma'aikata da ke gangare, aka gayyaci tsofaffi da matan da aka sallama, aka kira masu kyamara.

Ina durƙushe a bayan dandamali ina warware waya lokacin da Darakta ya ja Yaya gefe.

"Malam Tafinta, yau ranarka ce," in ji shi. "Mai girma zai yi magana da zafi saboda 'yan tudu masu kallo a talabijin. Kai kuma ka ba 'yan zauren nan mai sanyi. Aiki ga kowa, tudu da gangare uwa ɗaya uba ɗaya, ka dai gane. Tafi muke so."

"Ranka ya daɗe, wato ya faɗi wani abu, ni in faɗi wani?"

"Haba Malam. Da abin da ya faɗa muke so a faɗa, ai da akwati muka jona. Don wannan muka ɗauki mutum."

Ya dafa kafaɗarsa ya wuce. Na miƙe na ce, "Yaya, ka tuna da yara." Kallona kawai ya yi, ya ce, "Duba makirufo na biyu, yana shaƙewa."

Zaure ya cika har bakin taga. Fankoki biyu ne ke juyi, sauran sun mutu. Can a layi na biyu na hango Inna, wadda ta koma cikin danginta a gangare tun bayan rasuwar Baba. Ta zo da maƙwabtanta, ta sha kwalliya, tana nuna musu dandamali da haɓa. Ba ɗan takara ta zo gani ba, ɗanta ta kawo su su gani.

Mai Fara'a ya fara da gaisuwa, Yaya ya juya, aka tafa. Ya yabi tsofaffi, aka tafa. Sannan ya gyara tsayuwa ya fuskanci kyamara, murmushin nan na nan daram.

"Ni ba na magana a bayan ido," in ji shi da harshen tudu. "Na zo in faɗa muku a gabanku. Ku kuka karɓi aikin kamfanin takalma a wulaƙance, kuka zubar masa da daraja, har 'ya'yanmu suka rasa. In na hau, ɗan tudu za a fara ɗauka. Abin da ya rage, sai a duba ku."

Ya yi shiru ya ba tafinta fili. Wata mata kusa da Inna har ta ɗaga hannuwa za ta tafa.

Yaya ya matso da makirufo. Bai kalli Darakta ba, bai kalli Inna ba. Ya faɗi maganar da harshen gangare kamar yadda aka faɗe ta, bai ƙara mata gishiri ba, bai rage mata ɗaci ba. Ɗan harshen da na sani ya ishe ni in gane haka.

Matar ta sauke hannuwanta a cinya. Zaure ya yi tsit, ba ka jin komai sai fanka. Mai Fara'a, da yake ba ya jin ko kalma ɗaya ta gangare, ya ɗauka natsuwa ce, ya ci gaba, yana ƙara wuta. Yaya na biye da shi jimla bayan jimla.

Darakta ya faɗo kaina kamar zai cinye ni. Bai ma tsaya magana ba, ya fizge wayar makirufo na biyu daga jikin na'urata. Bai san Yaya ba. Mutumin da ya saba yi wa tsofaffi masu nauyin kunne bayani a ɗakin asibiti mai hayaniya ba ya buƙatar lasifikata. Ya ajiye makirufon a kan tebur a hankali, ya ɗaga murya, na can bakin taga ma suka ji.

Sai wata dattijuwa ta miƙe. Mai ɗinki ce a kamfanin kafin a sallame ta, yatsunta duk sun kanannaɗe.

"Ɗana," ta ce wa Yaya, "tambaye shi. Injin da ke zaune a kujerata yanzu, ɗan tudu ne ko ɗan gangare?"

Yaya ya juya ya fuskanci Mai Fara'a, ya miƙa masa tambayar da harshen tudu, a gaban kyamara, ita ma yadda take. Ran nan na fara ganin bakin mutumin nan a rufe.

Ba a yi jifa ba, ba a yi zagi ba. Mutane suka riƙa miƙewa suna fita. Wasu in sun zo daidai dandamali sai su watsa wa Yaya harara, domin dai daga bakinsa suka ji. Inna ta fita cikin maƙwabtanta, ko waiwaye ba ta yi ba.

"Cire katin nan," in ji Darakta ga Yaya. "Ka san abin da ka zubar kuwa? Fada fa! Wa zai ƙara ɗaukar ka?"

"Na sani, ranka ya daɗe," in ji Yaya. Ya zare katin tawaga daga wuyansa, ya miƙa da hannu biyu. "Na gode da zaman da aka yi."

Ba zan yi muku ƙarya in ce abin ya girgiza duniya ba. An yanke hoton an nuna wa 'yan tudu inda ake so, kuma Mai Fara'a ya ci zaɓensa. Akwati ya koma kan dandamali, ni nake jona shi da hannuna, sai dai yanzu mai girma yana tauna magana kafin ya furta. Yaya bai ƙara samun aikin tafinta ba har yau. Ni da na roƙe shi ya tuna da yara, ina nan ina cin abincina, amma ban taɓa alfahari da wani mutum kamar yadda na yi da shi ran nan ba.

Da yammacin ranar, bayan na naɗe wayoyina, na same shi tsaye a bakin titin jirgi. Ya ce in raka shi wajen Inna. Aikin da ya rasa bai ambata ba ko sau ɗaya a hanya. Abin da yake ta maimaitawa shi ne, ka ga ba ta waiwayo ba.

Muka tarar da ita a ɗakinta zaune a bakin gado, ko mayafi ba ta cire ba. Muka gaishe ta, ta amsa a taƙaice. Yaya ya durƙusa.

"Da bakinka," ta ce. "Da harshen da na sa maka a baki. A gaban maƙwabtana."

"Inna, abin da ya faɗa ke nan."

"Ni za ka gaya wa? Na zauna da ubanku har ya koma ga Allah, na ji mutumin nan tun kafin ka buɗe baki. Na ga maƙwabciyata ta ɗaga hannu za ta tafa wa wanda ya zage ta. Na runtse ido na ce, ya Allah, kada ka sa ɗana ya sa mu tafa. In ya yi, ban san da wane ido zan ƙara kallon sa ba."

Ta miƙa hannu ta kamo kunnensa ta ja kaɗan, kamar yana yaro.

"Tun da na haife ka ban taɓa jin magana mai muni daga bakinka kamar ta yau ba. Allah ya yi maka albarka."

Yaya ya kifa kansa a gwiwarta, magidanci da furfurarsa, ya yi ta kuka, ita kuma tana shafa kansa tana yi mini faɗan na bar shi tun safe bai ci komai ba.