Sulallan Inna Delu

Yanar da ta fito wa Inna Delu ta fara ne da idon hagu, kafin kakar albasa ta zagayo ta kama na dama. Duk Sabiyal an ga abin yana ci, kuma duk Sabiyal an ce tsufa ne. Wannan ya kawo kwalli, wancan ya kawo rubutu, wata ta ce ta rage zama bakin murhu. Ɗanta Surajo, da ya gama karatu a Aliero yake zaune ba aiki, shi kaɗai ya ɗora ta a mota ya kai ta wurin likitan ido a Birnin Kebbi. Likita ya ce aiki ne mai sauƙi, amma yanar ta riga ta nuna, in aka ƙara jinkiri za ta lalata idon gaba ɗaya.

Sai dai a shekarar albasarsu ta ruɓe a wurin ajiya, ba kuɗin aikin. Da Surajo ya tuntuɓi yayansa Abdulwahab, sai ya ce, "Kai dai boko ya cika ma kai da gaggawa. A bar ma Allah." Surajo ya gaji da mutanen da ke kiran lalaci haƙuri.

Inna ce da kanta ta laluba ƙasan adudunta ta fito da wani gwangwani da ta gada wurin uwarta. Cike yake da kuɗin da: anini masu huji, sulalla, da manyan azurfa masu hoton wata mace, waɗanda tsofaffi ke kira liyari. Duk sun yi baƙi ƙirin. Surajo ya ɗauki hotonsu a waya ya tura wa Malam Istifanus, wani malamin sakandare a Jega da ke saya wa masu tara tsofaffin kuɗi a Abuja. Istifanus ya kira shi nan take. Ya ce akwai waɗanda ba kasafai ake samu ba, za su iya biyan aikin idon, ya kawo su ranar kasuwa.

Ana gobe kasuwa Surajo ya wuni a fadama. Da ya dawo da la'asar ya tarar da Inna a tsakar gida, ƙwaryar ruwan tsamiya a gefe, toka a ɗayan gefen, soson ƙarfe a hannu. Tana goge kowane tana shafa shi da babban yatsa, sai ta ji ya yi santsi ta jefa a faranti.

"Inna, mi kike yi haka?"

"Mi ka gani? Wagga dauɗa za ka kai ma baƙo? A ce gidan Delu ko tsabta babu?" Ta ɗaga ɗaya sama. "Ya yi hwari?"

Ya yi fari kam, har yana ɗaukar ido. Surajo ma, duk da karatunsa, ya ga sun fi kyau.

Washegari a Jega, a ƙofar gidansa, Istifanus ya kwance ƙullin. Ya ɗauko gilashin ƙara girma ya duba liyari ɗaya, ya duba wani, ya ajiye.

"Wa ya wanke su?"

"Mahaifiyata."

"Kai, Surajo! Da na sani da na ja maka kunne." Ya miƙa masa gilashin. "Duba da kanka."

Surajo ya duba. Fuskar matar duk zane ne, layi a kan layi kamar an ja ƙaya a kan yashi. Gashinta ya shafe. Ƙananan rubutun gefe sun dushe.

"Baƙin nan da aka goge shi mutanena ke saye," in ji Istifanus. "Shi ke nuna shekaru, shi ke nuna ba jabu ba ne. Tsami ya cinye saman, soso ya kankare sauran. Ba ya dawowa. Yanzu sai dai maƙeri ya auna azurfar ya narka."

"Ko ɗaya bai tsira ba?"

Istifanus ya zube su a tabarma yana juyawa ɗaya bayan ɗaya. Inna ba ta yin rabin aiki.

Maƙerin kasuwa ya auna, ya faɗi abin da ba zai kai ko rabin kuɗin aikin idon ba. Surajo ya ɗaure ƙullinsa ya hau babur.

Ya tarar da ita a ƙofar gida, ta yi wanka, ta ɗaura zanenta na fita. Abdulwahab na gefe, ya kalli fuskar ƙaninsa ya ce a hankali, "Ba rabo." Surajo bai ko dube shi ba.

"Surajo ne?" in ji Inna. "Malamin ya yaba?"

"Ya yaba, Inna."

"Na gaya ma! To yaushe za mu tahi Birnin?"

Ta miƙo hannu don ya kama ta ta tashi, amma can gefe ta miƙa, inda ba kowa. Surajo ya tsaya yana kallon hannun, ya rasa ranar da zai faɗa mata.