Cizon Koyil

Tun da 'yan bindiga suka tare motar kasuwar Bafarawa suka shige daji da Kamalu, uwarsa Kande ta mai da rumfarsa ta gyaran injuna a Sabon Birni wurin wuninta. Wansa Labbo ne ke riƙe da rumfar yanzu, mutum marar son surutu, balle camfi.

Akwai wani koyil da Kamalu ya naɗa kafin tafiyar, jan waya zagaye kan zagaye a jikin ƙarfe. Wata rana Labbo yana gwada shi da batir, tsohuwar ta dafa bakin wayoyin. Yana zare batir, wuta ta fizge ta. Maimakon ta yi faɗa, sai ta yi murmushi.

"Wanga hannun auta na," in ji ta. "Yana da rai."

Labbo ya san ba haka ba ne. Koyil dai ba ya son a katse masa wuta farat ɗaya. Muddin tana gudana, shiru yake kamar ba ya nan; ana yankewa sai ya mayar da martani da ƙarfin da ya fi na batirin. Kamalu ma yakan ce koyil ba ya cizo sai an yanke shi. Amma wa zai faɗa wa uwa haka? Tausayi ya sa Labbo ya ci gaba da yi mata. Kullum da hantsi sai ya haɗa, ya zare, ta zabura, ta koma gida ta iya cin tuwo.

Ran nan wani mai injin ban ruwa ya ari batirin tun da safe. Da Kande ta zo, Labbo yana ƙarƙashin janareto.

"Inna, ki dakata, batir ba shi nan. Za ni amso shi."

Ina, ta riga ta kama wayoyin. Koyil na zaune kan benci, ba a haɗa shi da komai ba. Sai ga shuɗin tartsatsi, ƙas, rana tsaka, har da ƙaurin waya. Tsohuwar ta yi baya ta zauna daɓas, tana dariya, hawaye na zuba.

"Ka gani? Yau ya fi kullum ƙarfi. Auta ya kusa gida."

Labbo ya dubi gurbin batir, ya dubi koyil. Shi ya san lokacin da koyil ke cizo: sai an yanke abin da ke ba shi rai.

Ya ɗaga ta, ya kakkaɓe mata zane, bakinsa na motsi da Innalillahi a hankali, yadda ba za ta ji ba.