Dodo a Garin Kwali

Tirela na durƙushe a bakin teburin cin abinci, ya cusa kansa ƙarƙashi, yana miƙa takalmi ƙafa ɗaya.

"Ɗigo, zo ki sa. Kin ga mota za ta tafi ta bar mu."

Ya yi iya ƙoƙarinsa ya rage murya, amma muryar Tirela ko an rage ta sai kofuna sun amsa. Yarinyar ta ƙara ƙanƙame ƙafar tebur, ta runtse ido. Shekararta biyar, 'yar firit, shi ya sa uwarta ke ce mata Ɗigo. Shi kuwa abokan aiki ne suka laƙaba masa Tirela, kuma duk wanda ya ga yadda yake shiga ƙofa a karkace ba ya tambayar dalili.

Matarsa ta fito cikin fararen kayanta na nas, ta karɓi takalmin, ta ce, "Ɗan ja baya." Sai da ya kai bakin ƙofa sannan yarinyar ta rarrafo ta fito.

Haka abin yake tun da aka ɗaura musu aure. Uban Ɗigo ya rasu tana koyon tafiya, kuma an ce mutum ne siriri mai sanyin murya. Ranar farko da ta shigo gidan Tirela, ya taso da murna zai tarbe ta, ya gwara kai da saman ƙofa, ya bushe da dariya, ya ja da baya ya taka motarta ta roba. Ruƙus! Ya sayo wata, ya sake sayo wadda ta fi ta, duk a banza. Tun daga ranar kalma ɗaya ba ta taɓa haɗa su ba.

Matar ta ja shi gefe tana gyara ɗankwali, ba ta yarda sun haɗa ido ba.

"Inna ta sake kira jiya. Na ce mata ranar Asabar zan kai mata ita." Ta rage murya. "Ba laifinka ba ne, Allah ya sani. Amma yarinya ba za ta girma a ƙarƙashin tebur ba."

Garin surukarsa tafiyar yini ce, kuma ya san matarsa: in aka raba ta da 'yarta, jikinta ne kawai zai zauna a gidan. Shi ma, ko da bai faɗa wa kowa ba, ya riga ya saba da ganin 'yan takalman nan a bakin ƙofa kusa da nasa. Ya ce, "To."

Kuma yau ɗin ne aka rufe makarantar su Ɗigo saboda famfo ya fashe, maƙwabciyar da ke riƙe ta ta yi tafiya, uwar kuma aiki ya hau kanta a asibiti. Babu yadda za a yi sai dai Tirela ya tafi da ita wurin aikinsa.

A cikin bas ta lafe a jikin taga. Shi kuma ya ɗosana a bakin kujera don kada ya matse ta, rabin jikinsa a kan hanya, har kwandasta ya ce, "Haba maigida, tattara kanka mana, mutane za su wuce." Ya tattara abin da zai tattaru.

Sitonsu babba ne, na kayan lantarki: firiji, injin wanki, fanka, dutsen guga, an jera su layi-layi har kusa da rufi. Aikin Tirela ɗauko kaya da lodi. Manaja ya dubi yarinyar, ya dubi Tirela, ya ce ta zauna, amma kada ta kusanci bakin ƙofa inda motoci ke juyawa. Tirela ya samo kwalin firiji wanda babu komai a ciki, ya yanka masa ƙofa da taga da wuƙar aiki, ya ajiye a lungu, ya sa biskit da ruwa a ciki, ya tafi abinsa bai waiwaya ba. Da ya saci kallo daga nesa, sai ya ga ido biyu a tagar.

Lokacin hutu Direba ya zo da kofin shayi biyu. Shi ke tuƙa motar kai kaya, ɗan tsamurmuri ne, kuma tsokanar Tirela ita ce sana'arsa ta biyu. Ya zaro waya ya danna.

"Masanin fim, an fito da sabo. Dodo mai ƙaho uku, ya taso daga ƙarƙashin ƙasa. Duba nan ka sha kallo."

An taɓo wa Tirela inda yake masa ƙaiƙayi. Tun yana yaro yake kallon fina-finan manyan dodanni, na da da na yanzu, babu wanda ya wuce shi, kuma babu na yanzu da ya tsira daga bakinsa. Ya kalli wayar kaɗan, ya ja tsaki.

"Shirme! Dubi yadda yake gudu, sai ka ce kyanwa ta saci kifi. Abu ya fi bene tsawo amma yana tsalle? Ni da nake ɗaukar firiji na san nauyi. Abu mai nauyi sai ya yi shawara da ƙafarsa kafin ya ɗaga ta. Waɗannan na kwamfuta iska ce kawai aka yi wa fenti."

"Amma ai sun fi kyau."

"Kyau a ina? Ka taɓa ganinsu da rana? Kullum faɗa cikin duhu, ga ruwan sama, ga hayaƙi, ka zura ido har ya yi ruwa ba ka san wa ke dukan wa ba. Sai a ɗauke ka a kai ka ɗaki, wasu masu kwat suna ta surutu a gaban allo. Wa ya zo kallonsu? Na da kuwa, mutum ne a cikin rigar roba yana zufa, gari kuma na kwali, amma wallahi in ya taka sai ka ji a ƙirjinka."

Direba ya kurɓi shayi yana murmushi, don ya san ba a zo ƙarshe ba tukuna.

"Sannan babbar ƙaryarsu," in ji Tirela, ya ɗaga yatsa. "Kowane fim yanzu sai an kawo 'yar yarinya, ta tako ta ɗora wa dodo hannu a hanci, shi kuma ya lumshe ido kamar saniyar tatsa. Haba! Wace yarinya ce za ta yi haka? Yaro in ya ga abin da ya fi shi girma ɓuya yake yi. Ni na sani."

Ya juya kofin a hannunsa, muryarsa ta sauka da kanta, abin da ba ta saba yi ba.

"Na da sun fi gaskiya. Ba wanda ke shafa dodo. Kuma in ka lura, shi ba mugu ba ne. Bai zo don ya rusa komai ba, gari ne ya yi masa kaɗan. Ya juya ya fasa wannan, ya ja baya ya taka wancan, kowa na ihu yana gudu."

"Ikon Allah," in ji Direba. "Yau fim muke yi ko tarihin rayuwa?"

Tirela ya yi kunnen uwar shegu da shi, ya miƙe ya koma bakin aiki.

Bayan azahar aka aiko a fito da wani ƙaton firiji mai ƙofa biyu daga can ƙarshen sito, mai shi na jira a waje. Amalanken tura kaya tayarsa ta lalace, don haka Tirela ya ɗaura igiya ya saɓa shi a baya kamar yadda ya saba. Ya sunkuya ya nufo layin da ke fita. Yana karyo kwana ya ja birki.

Layin ya zama gari. Ɗigo ta kwaso ƙananan kwalaye daga wurin da ake tara su, na dutsen guga da na butar lantarki da na ƙwan fitila, ta jera su gida-gida, ta ɗora wasu kan wasu sun zama benaye. Har titi ta bari a tsakiya, mai faɗin tafin hannu. Ita kuma ta koma cikin kwalinta, ido biyu a taga.

Babu wata hanyar fita sai wannan. Direba ya leƙo daga bakin ƙofa ya ce, "Bari in kwashe maka."

"Kada ka taɓa!" in ji Tirela.

Ya ɗaga ƙafar dama, ya daɗe yana neman inda zai sa ta, ya ajiye a tsakanin gidaje biyu. Ya ɗaga ta hagu. Igiya na cin kafaɗarsa, zufa na ɗiga daga haɓarsa tana jiƙa rufin gidajen mutane. Ƙato guda da firiji a baya yana tafiya a kan yatsun ƙafa, Direba ya toshe baki da hula don kada dariya ta kuɓuce masa. Ya wuce unguwa ta farko lafiya, ya wuce ta biyu. Saura taku ɗaya ya fita, sai dunduniyarsa ta shafi bene mafi tsawo. Benen ya yi tangal-tangal, ya zube a kan maƙwabtansa.

Tirela ya sauke firijin a hankali, ya tsaya bai juyo ba. Shi ke nan, ya sake maimaita ranar farko. A ransa har ya hango Asabar, da jakar kaya a bakin ƙofa.

"Ba haka ake yi ba."

Wata 'yar siririyar murya ce. Ya juyo. Ɗigo ta fito daga kwali, ta tsaya a bayan garinta, hannu ɗaya na riƙe da bakin ƙofar kwalin ko da za a yi gudu.

"Dodo ihu yake yi," in ji ta. "Kai ba ka yi ba."

Tirela ya dubi Direba, Direba ya ɗaga kafaɗa. Ya buɗe baki ya yi wani ɗan gurnani da ko sauro ba zai kora ba.

"Wannan ai kyanwa ce."

Ya ƙara kaɗan.

"Da ƙarfi!"

To, an ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙasa. Tirela ya ja numfashi ya saki muryar da ya yi watanni yana ɓoyewa. Kwanon rufi ya amsa, tantabarun da ke saman ƙarfe suka watse, Manaja ya fito daga ofis da biro a hannu. Ɗigo ta ƙwalla ƙara ta faɗa cikin kwali. Kafin zuciyar Tirela ta gama tsinkewa, sai ga dariya na fitowa ta taga, irin wadda ke sa yaro shaƙuwa.

"Rusa wancan!" Ta miƙo yatsa ta taga.

Ya rusa, a hankali, yana shawara da ƙafarsa kafin ya ɗaga ta, kamar yadda ya ce ya kamata.

"Da wancan! A'a, ban da wannan, asibitin Mama ne."

Ya tsallake asibitin Mama da ladabi. Manaja ya girgiza kai, ya ce a dai tuna mai firiji na jira, ya koma ciki. Direba ya kira masu lodi biyu suka kinkimi firijin suka fita da shi suna nishi.

Da gari ya ƙare, sai asibiti kaɗai a tsaye, Tirela ya zube a kan gwiwoyinsa yana haki, hannuwa a ƙasa. Ya ji takun ƙananan takalma. Bai motsa ba, ko numfashi sai da ya riƙe. Ta zo ta tsaya a gabansa, kanta daidai haɓarsa, tana ƙare masa kallo. Sannan ta ɗaga hannu, mai danƙon biskit, ta ɗora masa a kan hanci.

"Ka gaji," in ji ta. "Kwanta."

Tirela ya lumshe ido. Ba don komai ba sai don kada abin da ya cika su ya zubo.

Daga bakin ƙofa Direba ya yi gyaran murya. "Masanin fim, wace yarinya ce ma ka ce za ta yi haka?"

"Je ka duba motarka," in ji Tirela, idonsa a rufe.

Da yamma suka tsaya a ƙofar asibiti suna jiran a tashi. Matarsa ta fito a gajiye, jaka a kafaɗa, tana neman su a cikin mutane. Shi ta fara hangowa, don Tirela ba ya ɓata a taro. Sannan ta sauke ido ƙasa. Ɗigo na tsaye a gefensa, ta riƙe ɗan yatsansa guda da hannu ɗaya, a ɗayan kuma kwalin dutsen guga ne.

"Mama, ga asibitinki. Dodo bai taka ba."

Matar ta karɓi kwalin, ta juya shi, ta dubi mijinta. Ya kawar da kai yana kallon motoci kamar bai san zancen ba. Wayarta ta yi ƙara a cikin jaka. Ta duba, ta ɗauka.

"Inna, ina wuni. Lafiya ƙalau. Maganar Asabar ɗin nan..." Ta goge ido da bakin mayafi. "A ɗan dakata tukuna. Zan kira ki in mun isa gida."

Suka kama hanyar tashar bas, yana rage tsawon takunsa don na Ɗigo ya kamo. Da suka zo wajen shagon da ake tura fina-finai a waya, sai ya tsaya.

"Ku ɗan jira ni. Akwai wani sabo da ya fito, mai ƙaho uku."

"Sabo?" in ji matar. "Ba kai ne kullum kake cika mana kunne cewa na yanzu duk shirme ne ba?"

"Shirmen ne," in ji Tirela, yana sunkuyar da kai zai shiga ƙofar shagon. "Akwai dai wani wuri da nake so in sake dubawa."