Sharar da Ta Kori Mai Shara

Da tsohuwa Dympna ta ji hukuma za ta turo ɗalibar aikin jin daɗin jama'a ta duba ko tana buƙatar mai taya ta aikin gida, sai ta tashi haiƙan. Kwana uku tana rarrafe da gwiwoyinta masu ciwo tana goge ƙasa, har kujera ta hau ta wanke tagogi. Ina ita ina barin baƙuwa ta ga ƙura a gidanta?

Ɗalibar, Orla, ta sha shayi, ta leƙa ko'ina, ta cike takardarta.

"Iya, gidanki ya fi nawa tsabta. Ba kya buƙatar kowa."

Dympna ta harare ta.

"To, zo ki ɗaga ni daga kujerar nan in raka ki."