Teɓar Lado

Ranar da Lado ya dawo Gummi, mutanen bakin kasuwa ba su gane shi ba sai da ya yi magana. Shi ne dillalin shinkafar nan da ake yi wa tsiya saboda teɓa, wanda in ya hau babur sai tayar baya ta kwanta. Yanzu fatar cikinsa ta zubo kamar buhun da aka juye, ya ɗaure wando da igiyar rama.

Shi da Nuhu, mijin ƙanwarsa Zinatu, 'yan bindiga suka tare a hanyar Bukkuyum suna dawowa daga cin kasuwa. Sun fi wata guda a daji. Lado ya samu ya sulale ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, masu tsaronsu suka shige bukka. Nuhu ya riga ya rasu kafin nan, Lado ne ma ya tona masa rami a gindin wani marke.

Aka kwantar da shi a ɗakin Inna, mahaifiyarsu. Deborah, wata nas 'yar Zuru da ke haya a unguwar, ita ke zuwa da safe tana sa masa ƙarin ruwa. Ta hana a cika masa ciki, sai kunu kaɗan-kaɗan. Tana nan a bakin gado Zinatu ta faɗo ɗakin babu sallama. Takaba take yi, amma ta baro gidan mijinta ta ratso unguwa da ƙafa.

Inna ta ce, "Ke Zinatu, wa ya ba ki iznin fita?"

Ba ta ko dubi Inna ba. Ta tsaya a kan Lado.

"Yaya, tambaya nika yi. Mi aka ba ku ku ci?"

"Garin dawa a ruwa," in ji Lado. "Wata rana wake. Kwano guda, mu biyu."

"Kwano guda. Kai ka dawo, baban Hafsa bai dawo ba. Na san cinka tun muna yara. Ka cinye mashi rabo nai."

"Wallahi ban ci nashi ba. Daga baya ma ni nika tura mashi, ba ya iya haɗiyewa."

"Ƙarya kaka yi."

Deborah ta gyara robar ƙarin ruwan, ta ce, "Maman Hafsa, ki yi haƙuri in sa baki. Ba sai ya ci na wani ba kafin ya rayu. Jikin mutum in ya samu abinci fiye da abin da aiki ya ƙone, ba ya zubar da saura. Kitse yake mayar da shi, ya ajiye a ƙarƙashin fata da kewayen ciki. Ranar da abinci ya yanke, wannan kitsen jiki ke narkarwa ya rayu a kai. Yayanki ya shiga daji da ajiyar da za ta riƙe shi makonni. Ga shi kina gani, ta ƙare."

"Shi kuma nawa fa?"

"Na san marigayi, ba shi da jiki. Wanda ba shi da kitse, da wuri jiki ke komawa cin tsoka. In zazzaɓi ya haɗu da ruwa marar kyau, ƙarfi ba ya kai shi ko'ina. Kwana kuma na Allah ne."

Inna ta gyaɗa kai, tana ganin magana ta mutu. Zinatu ta dubi fatar cikin nan da ta kwanta a gefen Lado.

"To, na gane," ta ce a hankali. "Abin da aiki bai ƙone ba shi ka zama kitse. Ko ba haka kika ce ba, Sista?"

"Haka ne."

"Wa ka yi maka aiki a fadama, Yaya? Shekara nawa baban Hafsa na cikin taɓo tun asuba, shi ad dashe, shi ay yanka, shi ad dakon buhu har bakin mota? Kai kana rumfa kan tabarma, ana kawo maka tsire da fura. Shi abin da ya ci rana ta ƙone. Kai naka ya taru. Ashe ba a daji ka ci rabo nai ba, tun a gida ka cinye."

"Zinatu, ki ji tsoron Allah," in ji Inna.

"Shi ya kamata ya ji. Ya tafi da guzuri a jiki nai, mijina ya tafi da ƙashi."

Deborah ta ce, "Ba abin da nake nufi ke nan ba. Wani ko bai ci da yawa ba..."

"Ke kin gama naki. Ki cire ruwanki in ya ƙare."

Lado ya yunƙura zai tashi, allurar ta motsa, jini ya biyo robar. Ya ce, "Ni na wanke shi. Ni na rufe shi da hannuna, babu ko fartanya."

"Da ka kwanta kusa da shi," Zinatu ta ce, ta fita.

Bayan wata biyu Lado ya miƙe. Jikinsa ya shiga maido da abin da ya rasa da sauri fiye da yadda kowa ya zata, kumatu suka fara cikowa. Mutane na yi masa barka, shi kuwa in an ajiye masa kwano sai ya ci rabi ya ture. Bai koma rumfa ba. Ya shiga fadama da kansa, ko da yake bai iya dashe ba, masu aikin na yi masa dariya a ɓoye.

Da Zinatu ta fita takaba, dangin Nuhu suka zo daga Nasarawa Burkullu za su tafi da ita da Hafsa. Lado ya je ƙofar gidan ya tsaya har aka gama ɗora kaya a mota. Hafsa ta hango kawunta ta ɗaga masa hannu, uwar ta kama hannun ta sauke. Ta wuce ta gabansa ta shiga gaban motar, ta ce wa direba su tafi kafin hadari ya rufe hanya.