Alli a Murfin Gwangwani

Marigayi maigidana ne ya kawo tsarin gwangwanin nan. Tsohon gwangwanin madara ne ya tsaga wa murfi da wuƙa. Kowace safiya bayan mun karanta Littafi Mai Tsarki, kowa sai ya rubuta damuwarsa a 'yar takarda ya jefa ciki. Dokar ɗaya ce: ba mai buɗewa, wasiƙar Ubangiji ce. In ya cika, shi yake juye takardun a wuta ba tare da ya karanta ba. Shekara tara ban taɓa ɗaga murfin ba.

Wata biyar da rasuwarsa, Auta ta fara canza mini. Shekararta sha biyar, mu biyu muka rage a gidan. Ranar Alhamis takan ce za ta coci koyon waƙa, ta dawo da tabon baƙin mai a gefen siket. Ni tela ce, tabo ba ya ɓuya mini. Na ce a raina, wace irin waƙa ce ake koyo a bayan babur ɗin samari? Ana cikin haka shugabar mawaƙa ta kawo ɗinki, ta ce ai sati shida ke nan ba ta sa Auta a ido ba.

Hankalina ya tashi. Na duba wayarta, a kulle. Na shinshina rigunanta ina neman turaren da ba namu ba. Na zaunar da ita na yi mata wa'azin da ko Fasto sai ya sara mini, na haɗa da ƙawayen banza da bidiyon waya da ƙarshen duniya. Abin da na samu kawai shi ne "To, Mama."

Wata Juma'a da rana, tana makaranta, na tashi daga kan keken ɗinki na buɗe gwangwanin. Takardunta ba su da wuyar ganewa, daga littafin makaranta take yagowa. Na warware ɗaya bayan ɗaya, babu ko ɗigon biro. Wato yarinyar nan har Allah take ɓoye wa magana. Na mayar na rufe, kuma kunya ba ta hana ni komawa Juma'a ta gaba ba.

A ta ukun na tarar da rubutu.

"Mama, allin ɗinkinki yana jikin murfi. Ba saurayi ba ne. Garejin Baba nake zuwa in zauna a bencinsa. Na roƙi Yesu ya bar mana shi, bai bari ba, yanzu ban san me zan rubuta masa ba. Ke kuma ko sau ɗaya ba ki yi kuka ba. Na ɗauka ni kaɗai ce mara bangaskiya."

Na dubi yatsuna, shuɗin alli fal. Ban taɓa jin na raina kaina irin na ranar ba. Ni da nake taka keke da ƙarfi don kada ta ji kukana, a tunanina ƙarfin hali nake koya mata.

Da ta dawo, na zube nawa takardun a teburin yanka na ce ta karanta. Ta ɗauka. Tun rasuwarsa abu guda nake rubutawa: "Ubangiji, me ya sa?" Ta karanta shida ta tsaya, idonta ya kawo ruwa.

"Kin karya dokar Baba," in ji ta.

"Na karya, 'yata. Ki yafe mini."

Ba ta ce ta yafe ba. Amma ranar Alhamis da na rufe shago na bi ta gareji, ta matsa mini a bencin, muka yi kukanmu mu biyu.

Washegari da safe ta daɗe tana rubutu. Na hango biro ya cika takardar gaba da baya kafin ta jefa. Ta dube ni, ta tura gwangwanin tsakiyar tebur, ta ɗauki jakarta ta tafi makaranta. Na wuni da shi a gabana, har yau kuma ban san abin da ta rubuta ba.